Safiyar da Rediyo Ta Sanar da Rasuwar Goggo Ashetu

Zakia Abdul-Rahman ita ce mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin gidan rediyo da ke unguwar Nyanshegu a Tamale. Ɗaki uku ne gidan duka-duka: ɗakin watsa shiri, ofishin manaja, sai wani lungu mai fanka ɗaya inda aka jibge injina. Lungun nan ne wurin zamanta. Ba a taɓa jin muryarta a rediyo ba, amma duk abin da ya fita daga tashar, waƙa ce ko talla ko wa'azin safe, ta hannunta yake bi.

Babban abin da ke sa mutanen Tamale kama tashar shi ne sanarwar rasuwa, sau ɗaya da safe bayan labarai, sau ɗaya da yamma bayan La'asar. In an yi rashi, dangi su aiko mutum, a ɗauki sanarwar da Hausa da Dagbanci, a ajiye ta cikin wata folda da sunan mamacin. Da can mai gabatarwa ne ke lalubo fayil ɗin da hannu, wata rana ya manta, dangi su zo da faɗa har bakin ƙofa. Da Zakia ta kama aiki sai ta rubuta 'yan layukan umarni da ke yin aikin da kansu. In lokaci ya yi, kwamfuta ta jera abin da ke cikin foldar bisa lokacin da aka ajiye kowanne, sabo a sama, tsoho a ƙasa, ta kwashi waɗanda ba su wuce kwana ɗaya ba ta saka su a iska ɗaya bayan ɗaya. In babu sabo, ta wuce zuwa waƙa. Tsofaffin kuwa ba a taɓa share su ba, manaja ya ce a bar su, tarihin gari ne. Abin ya daɗe yana tafiya lami lafiya har kowa ya manta da yadda yake aiki.

Ranar Litinin da yamma, bayan sanarwar La'asar ta wuce, Zakia ta kwashe komai daga tsohuwar kwamfutar, wadda tun watan azumi take mutuwa tana farfaɗowa, zuwa wata sabuwa da aka sayo. Ta gwada waƙoƙi, ta gwada talla, ta gwada kiran salla, komai ya fita tsaf. Ta tura tsohuwar ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta gaya wa Majeed, mai shirin safe, cewa gobe sai da rana za ta shigo, ta hau babur ɗinta ta koma gida Kalpohin.

Washegari da hantsi tana zaune kan benci a rumfar wani mai faci, an kwance tayar bayan babur ɗinta ana neman inda ƙusa ta shiga. Injin iska yana ta gurnani, a saman wani tsohon ganga kuma ga rediyo a kunne. Ba ta ma saurare ba, hankalinta na kan waya. Sai dai kalmomin nan da kunne ba ya iya kaucewa suka ratso hayaniyar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hajiya Ashetu ta Tishigu, bayan tsohon masallaci. Za a yi jana'iza yau bayan sallar Azahar…"

Daga nan sai shiru, kamar an datse harshe. Can sai waƙa ta taso.

Zakia ba ta san ta miƙe ba, sai dai ta ga kanta a tsaye. Hajiya Ashetu ta Tishigu, bayan tsohon masallaci, yayar mahaifinta ce. Ita ta ɗauke ta tun tana rarrafe lokacin da mahaifiyarta ta rasu, ita ta yi mata kitson shiga makaranta, ita ta sayar da man kaɗe ta kai ta har karatun kwamfuta. Shekaranjiya ma sun yi waya, Goggo tana mata faɗa a kan ta daina zuwa cin tuwo.

"Sista, lafiya?" in ji mai faci.

Lambar Goggo kawai ta shiga kira. Ta shiga, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake, haka. Ta kira Mulikatu, matar Kamaldeen ɗan Goggo, wadda suke gida ɗaya da ita, layi a cike. Ana cikin haka sai ga kiran Majeed ya shigo. Ta kashe. Ya sake kira, ta sake kashewa. Wane aiki kuma yanzu? Ta bar babur da taya a kwance, ta tsare yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, a bakin titi, ta ce da direba Tishigu, kada ya tsaya ɗaukar kowa.

A hanya ba ta yi kuka ba. Kanta ne ya zama fanko. Tana ganin masu lemu da masu gasa masara suna wucewa, tana mamakin yadda aka yi ba su tashi daga wuraren sana'arsu ba.

Tun daga bakin lungu ta ga babura a jere. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun fara zama, wani yana sauke kujerun roba. A tsakar gida mata sun cika, wasu ko mayafi ba su yafa daidai ba. Mulikatu na zaune a ƙasa gindin randa, jaririyarta a cinya, idanu sun kumbura. Da ta ga Zakia sai ta fashe da sabon kuka.

"Yaya Zakia, Mma ta tafi ta bar mu."

"Ina take? Tana ɗaki?"

"Ba ta nan. Ba mu gan ta ba."

"Kamar yaya ba ku gan ta ba?"

Cikin shessheƙa Mulikatu ta ba ta labari. Bayan sallar Asuba Goggo ta bi wani mai motokin, irin babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwala a baya, zuwa wani ƙauye ta hanyar Kumbungu sayen ƙwarar kaɗe. Wayarta ta bari a caji, ga ta can kan taga, tun ɗazu take ta ƙara. Lafiyarta lau ta fita, har da cewa a ajiye mata koko. Sai kawai maƙwabta suka shigo da salati, wai a rediyo suka ji. Kowa ya ce hatsari ne. An tura mutum biyu asibiti su duba. Liman ya aiko yana tambaya ko a fara haƙa kabari. An kira Kamaldeen, yana Techiman da babbar motar da yake ja, ya juyo da kayan mutane a kai.

"To wa ya kai sanarwar?" Zakia ta tambaya.

Ba wanda ya sani. Wata ta ce wataƙila dangin mai motokin ne. Wata ta ce 'yan sanda. Zakia ta zame ta zauna kusa da Mulikatu, sai a lokacin hawaye suka zo mata, masu zafi, ba sauti.

Wata tsohuwa mai suna Azeta, Badagomba ce da ta shekara da shekaru tana katanga ɗaya da Goggo, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana ta jujjuya carbi. Can sai ta ɗaga kai ta yi magana da irin Hausarta.

"Ku duka kun ji suna, ba ku ji murya ba. Wanda ya faɗa, Abdul-Mutalib ne."

Kowa ya juyo yana kallon ta.

"Mma Azeta, Abdul-Mutalib ai ya daɗe da rasuwa," in ji wata.

"Na sani. Na je zaman makokinsa. Amma shi ne. Ni ban manta murya ko kaɗan."

Sai aka fara kallon juna. Wata ta ce wallahi ita ma jikinta ya ba ta, ta dai ji tsoron faɗa. Wata ta dafe ƙirji ta ce wanda ya riga mu gidan gaskiya ne ya zo kiran Goggo. Salati ya tashi daga kowane gefe, wata yarinya ta ruga waje ta kai wa maza labari.

Zakia kuwa ta san sunan sarai. Abdul-Mutalib shi ne ya fara karanta sanarwar rasuwa a tasharsu, da muryarsa ta girma, ya rasu tun kafin ta kama aiki. Ta maido da abin da ta ji a rumfar mai faci, ta cire ƙarar injin iska daga ciki. Shi ne. Yadda yake jan "raji'un" ɗin nan ba wanda ya gaje shi. Kuma wuri ɗaya ne tak a duniya da muryarsa ta rage tana faɗin irin waɗannan kalmomi, wurin da ita ta taɓa da hannunta jiya da yamma.

Ta zaro waya. Kiran Majeed ya cika fuskar wayar. Ta shige bayan ɗakin girki ta kira shi.

"Zakia! Ina kika shiga? Tun ɗazu nake neman ki."

"Majeed, sanarwar safe. Wa ya kawo ta?"

"Ba wanda ya kawo komai! Yau ba mu da sanarwa ko ɗaya. Ina zaune ina shan shayi, jira nake waƙa ta shigo, sai na ji Malam Abdul-Mutalib a kunnena. Wallahi kofin faɗuwa ya yi. Na daskare, ban san iya lokacin da na ɗauka ba, da na dawo hayyacina na ja sautin ƙasa."

"Kafin ya karanta sunayen dangi ka kashe?"

"Ban san me ya karanta ba, ni dai na kashe. Waya sai ƙara take, manaja yana hanya. Ke kina ina?"

"Ina gidan makokin," ta ce. "Goggona ce Hajiya Ashetu."

Majeed ya yi salati.

Ta fito tsakar gida. Ta kama hannun Mulikatu ta ce tsohuwar sanarwa ce, ta wata Ashetun ce daban, kuskuren inji ne. Mulikatu ta dube ta kamar mai kallon wadda baƙin ciki ya taɓa wa hankali. "To in haka ne, ina Mma?" Ta san sanarwar ba ta Goggo ba ce, amma bayan kukan da ta gani da tabarmin da ta tsallako, ita kanta zuciyarta ta ƙi yarda.

Ba a daɗe ba aka ji ƙarar motokin a bakin lungu, sannan aka ji ihun maza, da ƙarar kujeru suna kifewa. Zakia ta riga kowa fita.

Motokin ya tsaya nesa kaɗan saboda babura sun tare hanya. A bayansa, kan buhunan ƙwara, Goggo Ashetu ce zaune, ta yafa tsohon zanenta na zuwa ƙauye, da ƙullin ganyen kuka a hannu. Wasu mazan sun ja da baya har jikin bango. Wani dattijo ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe, hularsa a hannu. Ba wanda ya matsa kusa.

Goggo ta dubi tabarmi, ta dubi kujeru, ta dubi matan da suka cunkushe a ƙofar gidanta da jajayen idanu. Ƙullin kukan ya suɓuce daga hannunta. Ta sauko da ƙyar, ƙafarta ɗaya ta taɓa ƙasa, sai ta yi baya za ta faɗi. Zakia ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

"Wane ne?" in ji Goggo, muryarta can ciki. "Kamaldeen ne? Motar ce? Ku gaya mini, kada ku ɓoye."

"Ba shi ba ne, Goggo. Lafiyarsa lau."

"Jaririyar?"

"Ga ta can a hannun uwarta. Ba wanda ya rasu."

"To wa ake wa zama a ƙofata?"

Azeta ce ta ratso mutane, ta zo ta kama fuskar Goggo da hannu biyu, ta shafa kumatunta, ta shafa kafaɗunta, sannan ta ce, "Ke ne, Hajiya. Ke muke wa kuka." Ta rungume ta, suka zube tare a ƙasa.

An ɗauki lokaci kafin a shigar da ita ɗaki a ba ta ruwa. Abu na farko da ta nema shi ne a kira mata Kamaldeen. Da ya ɗauka, ana jin rurin injin mota a bayansa, ta ce, "Kamal, ni ce. Ka tsaya." Rurin injin bai tsaya ba. Ta ce, "Na ce ka sauka daga titi ka tsaya, sannan mu yi magana." Aka ji motar ta lafa. Sai ga ƙaton namiji yana kuka kamar yaro, yana cewa Mma ki sake magana, ki faɗi sunana. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta sa shi ya rantse ba zai tuƙa ba sai ya yi salla ya ci abinci.

Da ta ajiye wayar, Zakia ta durƙusa a gabanta ta gaya mata yadda abin ya faru, iya abin da ta gane a lokacin: tsohuwar sanarwa ce ta wata mai irin sunanta, kuma daga aikin da ita Zakia ta yi jiya abin ya taso.

Goggo ta daɗe tana kallon ta. "Daga wurin aikinki?"

"E, Goggo."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

Goggo ta juya fuska wajen bango. "Tashi ki je ki gyara, kafin ki kashe uwar wani."

Maganar ta daki Zakia fiye da yadda Goggo ta nufa, domin sai a lokacin ta tuna akwai sanarwar yamma.

Ta iske tashar a hargitse. Manaja, Malam Abukari, yana tsaye a baranda da waya a kowane kunne yana ba da haƙuri. Majeed na zaune a bakin matakala, ya ce shi ba zai ƙara sa abin sauraro a kunnensa ba sai an gaya masa abin da ya faru. Zakia ta wuce su ta shiga lungunta, suka biyo ta.

Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta fara dakatar da aikin sanarwa gaba ɗaya. Sannan ta shiga foldar ta buga ls -lt, wato a jera mata abin da ke ciki dalla-dalla, bisa lokaci, sabo a sama. Sunaye suka zubo har suka wuce tsawon allon. Ta koma sama. Na farko: Hajiya Ashetu Tishigu. Kwanan wata: jiya, da yamma. Na biyu, wani Alhaji da aka binne tun tana makaranta: jiya, da yamma. Na uku, jiya. Ta yi ta gangarawa. Ɗaruruwan mutane, limamai da mahauta da jarirai da 'yan kasuwa, duk wanda tashar ta taɓa sanar da rasuwarsa tun ranar da aka buɗe ta, kowa da kwanan watan jiya a gefen sunansa. Ta juya jerin da ls -ltr don ta ga wanda ya fi tsufa. Shi ma jiya ne, tazararsa da na ƙarshe ba ta kai shan shayi ba.

"Mene ne wannan?" in ji manaja.

"Da na kwafe su jiya, ban ce wa kwamfuta ta riƙe lokacinsu na asali ba," ta ce. "Harafi ɗaya ne ake ƙarawa, ban ƙara ba. Sai ta ba kowanne lokacin da ya sauka a sabon wuri. A wajenta duk jiya suka rasu. Na Hajiya Ashetu ne ya sauka a ƙarshe, shi ya sa ya hau sama."

Majeed ya matso ya leƙa allon. "Kina nufin da ban kashe ba…"

"Da na biyu ya biyo. Da na uku. Da har yanzu ana karantawa."

Malam Abukari ya laluba kujera ya zauna. Majeed ya riƙe kai da hannu biyu. Zakia ta ci gaba da gangarawa ba don tana neman komai ba, yatsanta ne ya ƙi tsayawa, har ta zo kan wani layi da ya sa ta ɗauke hannu kamar ta taɓa wuta. Malam Abdul-Rahman Tishigu. Mahaifinta. Jiya, da yamma. Yana cikin layi yana jiran a kira shi, kuma da an kira shi Goggo za ta fara ji.

Sunayen fayilolin ba su ɗauke da kwanan wata, sunan mamaci ne kawai da unguwa. Ainihin ranakun suna wuri ɗaya, cikin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. Zakia ta jawo ta, ta haɗa wayoyi, ta danna. Fankar da ke cikinta ta juya ta tsaya. Ta sake. A karo na gaba ta yi wani ƙara kamar mai tari, allon ya kawo haske. Ba ta ɓata lokaci ba, ta sake kwafar foldar, wannan karon da cp -p, wato da harafin da ta manta jiya, ta zauna tana kallo ba ta ko motsi har aka gama. Da ta sake jerawa, shekaru suka koma wurarensu. Hajiya Ashetu ta gangara can ƙasa, cikin na farko-farko. Ta kwashe duk tsofaffin zuwa wata folda daban da aikin sanarwa ba ya leƙawa.

Malam Abukari da kansa ya shiga ɗakin watsa shiri, ya ba da haƙuri da Hausa da Dagbanci da Turanci, ya ce Hajiya Ashetu mai man kaɗe tana nan da ranta, kuskure ne daga tashar. Bai ambaci sunan Zakia ba. Da ya fito ya ce mata za su yi magana gobe, kuma daga yau ba wata sanarwa da za ta ƙara fita sai mutum ya saurare ta da kunnensa.

Bayan La'asar wani dattijo ya shigo harabar yana tura keke. Dogo ne siriri, da farar riga da ta sha wanki, a aljihunsa ga abin awo irin na teloli. Ya yi sallama, ya ce sunansa Alhaji Tahidu, yana neman wanda ya saka sanarwar safe. Majeed ya dubi Zakia. Ta fito ta rusuna ta gaishe shi, ta ce ita ce.

"Ashetun da aka faɗa matata ce," ya ce.

Zakia ta ji kamar ƙasa ta buɗe. Duk yinin nan tunaninta na kan mai rai, ko sau ɗaya ba ta tuna cewa mamaciyar ma tana da nata mutanen ba.

"Ina shago ina yanka yadi," in ji shi. "Ni kaɗai. Sai na ji abokina Abdul-Mutalib yana cewa ta rasu, za a yi jana'iza bayan Azahar. Na ajiye almakashi, na ɗauki hulata, na kulle shago. Har na kai bakin masallaci kafin na tambayi kaina ina za ni."

"Baba, ka yafe mini. Ba ni da abin da zan ce."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya gyara tsayuwar kekensa. "An katse shi bai gama ba. Sauran yana nan?"

"Yana nan."

"Ranar da aka karanta ta ban ji ba, ina wajen wanka da likkafani. Mutane ne suka ce mini ya karanta da kyau. Ina so in ji."

Ta kai shi lungunta, ta ba shi kujerarta, ta sa masa abin sauraro a kunne, ta tabbatar sau biyu cewa ba abin da ke haɗe da iska, sannan ta kunna. Ita ba ta jin komai, fuskarsa kawai take gani. Ya runtse ido. Leɓɓansa suna motsi, ta gane sunayen 'ya'yansa yake bi ɗaya bayan ɗaya. A wani wuri ya yi ɗan murmushi ya ce, ba da ita yake ba, "Ya manta Mudasiru, ya dawo ya saka shi." Da aka gama ya daɗe bai cire abin ba.

"In goge ta, Baba? Ko in sa maka a waya?"

Ya yi tunani. "Kada ki goge. Kada kuma ki ba ni, in tana hannuna ba zan bar ta ta huta ba. Ki ajiye ta inda ba za ta ƙara fita da kanta ba." Ya miƙe, ya tambaye ta ita ɗayar Hajiyar yaya take. Da Zakia ta ce goggonta ce, sai ya tsaya ya dube ta sosai, ya girgiza kai, ya ce, "Ashe ke ma kin sha naki." Ya ce ta gaishe ta, ya tura kekensa ya fita.

Kafin Magariba ta koma Tishigu. An naɗe tabarmi, an kwashe kujeru, sai kwanukan abinci da maƙwabta suka riga suka dafa don masu zaman makoki, jere a baranda ba wanda ya san yadda za a yi da su. Wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta zo ta auna Goggo, ta ce jininta ya hau sosai, ta kwanta kwana biyu kada ta je kasuwa. Kamaldeen ya iso, yana zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarsa. Da Zakia ta gaishe shi bai amsa ba, kuma sai da aka yi makonni kafin ya sake yi mata magana.

Goggo na kwance kan katifa, fuskarta ta faɗa kamar wadda ta yi jinyar wata guda. Zakia ta zauna a ƙasa daga gefen ƙafafunta, ta gaya mata an gyara, ta gaya mata zuwan Alhaji Tahidu da saƙon gaisuwarsa.

"Na san matar," in ji Goggo. "Har wasiƙunmu ana haɗawa a da. Mace mai haƙuri." Ta gyara kwanciya. "Ba sanarwar ce ta dame ni ba, Zakia, ni ban ma ji ta ba. Saukowar nan da na yi na ga tabarmi a ƙofata, ina ta lissafa ku a zuciya, wa ya rage, wa ya tafi. Har ke na lissafa, kina riƙe da ni."

Zakia ta kifa kai a kan katifar ta yi kukan da ta kasa yi tun safe. Goggo ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Da ta ga ta lafa sai ta ɗaga murya ta kira Mulikatu, ta ce a zuba wa Zakia shinkafa da wake daga cikin na baranda, sauran a raba wa maƙwabta tun bai lalace ba, a mayar wa kowa da kwanonsa a wanke.